Tafiya Friendship da Neman Jakar Kayan Harbi

A watan Yuni na bi wani abokin aikina daga Cincinnati zuwa ƙauyen Friendship da ke jihar Indiyana a Amurka, tafiyar kusan awa ɗaya a mota. Mun ratsa Lawrenceburg da Aurora a gefen kogin Ohayo, sannan muka karkata daga Dillsboro muka shiga tsakanin tuddai da gonakin masara. A wannan ƙauye ne ƙungiyar masu harbi da bindigar toka ta Amurka, wadda aka kafa a 1933, take yin babban taronta sau biyu a shekara, a Yuni da Satumba. Tun kafin mu sauka daga mota warin albarushi ya tuna mini da 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah a Kano.

Abokina ya ara mini bindiga mai ƙanƙara, wato dutsen da ke ƙyasta wa albarushi wuta, amma ya ce jakar kayan harbi kam sai dai in sayi tawa. Na shiga layin rumfuna, na ɗauki mafi girma, mai aljihu huɗu da ado, domin a tunanina yawan wuri shi ne amfani. Dattijon da ke rumfar, wanda shi ne ya ɗinka jakunkunan, ya sa na rataya ta, ya ce in rufe ido in zaro harsashi. Na yi ta lalube ban samu ba. Sai ya miƙo mini wata ƙarama ta fatar saniya, faɗinta bai wuce inci 8 ba, mai aljihu ɗaya a ciki, ya rage maɗaurinta har ta tsaya ƙarƙashin gwiwar hannuna ta dama, inda zan iya danne ta idan ina tafiya don kada ta yi ta reto.

Wajen zuba kaya ne na fi ƙaruwa. Abin da ake taɓawa a kowane harbi shi ne ke zama a babban ciki: dunƙulallun harsasan dalma, da ƙyallen da aka shafa wa kitse wanda ake naɗe harsashi da shi, da ɗan guntun sandan da ke fara tura shi cikin bakin bindiga. Ƙanƙara ta canji guda uku, da tsinken share kafar wuta, da ƙarfen zaro harsashin da ya maƙale, su aka ba wa ƙaramin aljihu. Albarushi ba ya shiga jaka sam; yana cikin ƙahon sa, a rataye sama da ita, tare da ma'auninsa. An gargaɗe ni sau biyu cewa ba a zuba shi kai tsaye daga ƙaho zuwa cikin bindiga, saboda ragowar garwashin harbin baya yana iya kunna ƙahon duka a hannun mutum.

A filin harbi na manta na tura harsashi ba tare da albarushi ba, kuskuren da suka ce kowa ya taɓa yi. Ƙarfen nan da na so in bari a rumfa don rage nauyi shi ya fitar da ni kunya. Da yamma muka kama hanyar Cincinnati, yatsuna baƙi ƙirin, jakar tana kan cinyata.