Yadda na koyi zama a zauren IRC

Wata tsohuwar kwamfuta ce ta kai ni. Na saye ta hannu na biyu wajen wani mai gyara kusa da Kasuwar Dole, jika arba'in da biyar, na goge abin da ke cikinta na sa mata Ubuntu, wata manhajar tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, don ta samu ta yi numfashi. Komai ya tashi ban da wifi. Kwana uku ina fama, sai dai in jona wayata da igiya in ari intanet ɗinta. Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar André Salifou ya zo cin tuwon dare ya iske ni ina zufa a kanta, ya ce, "Kawu, ka shiga IRC ka tambayi masu abin mana."

Na ce masa ni WhatsApp ma ya ishe ni, kar ya ƙara mini wata wahala. Ya yi dariya ya ce shi ma IRC wurin hira ne a intanet, amma ya girmi WhatsApp nesa ba kusa ba, ya girme shi kansa. Da na bincika daga baya na ga gaskiyarsa. A watan Agustan 1988 wani ɗan ƙasar Finlan mai suna Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro shi a Jami'ar Oulu. Rubutu ne zalla, babu hoto, babu murya, babu bidiyon da wani zai turo ya cinye maka megan da ka saya da safe. Abin da ya fara jan hankalina ke nan. Na taɓa wuni a ciki tun hantsi har isha'i, na duba abin da ya rage mini na ga kamar ban taɓa ba.

Abu na farko da ya rikita ni, IRC ba gida ɗaya ba ne mai maigida ɗaya. Garuruwa ne daban-daban, kowanne da injinansa da dokokinsa: akwai EFnet, Undernet, DALnet, OFTC, Libera.Chat da sauransu. Sunan da ka yi rajista a wannan gari ba ya aiki a wancan. Mutanen Debian, wata manhaja irin Ubuntu, suna OFTC. Mutanen Ubuntu da na Python, yaren rubuta manhaja, da masu aikin Wikipedia suna Libera.Chat, wanda aka kafa a watan Mayun 2021 bayan masu kula da wani tsohon gari mai suna freenode sun bar can sun buɗe nasu. Shi ya sa in ka ci karo da tsohon bayani yana cewa ka je freenode, duba shekarar da aka rubuta shi tukuna.

Daren farko ta burauza muka shiga, web.libera.chat, ba tare da an sauke komai ba. Aka ce in zaɓi laƙabi. Na rubuta wanda abokaina ke kirana da shi tun muna yara a Birni, aka ƙi, saboda akwai ƙ a ciki. Haruffanmu masu lanƙwasa suna fita lafiya lau a cikin hira, amma ban da laƙabi. Haka na haƙura na sa k, sunan ya koma wani abu da ba zan so a kira ni da shi a gaban surukaina ba.

Ɗakunan hirar ni zaure nake ce musu, kuma kowanne sunansa yana farawa da alamar #. Duk abin da ka rubuta da karkatacciyar sandar nan / a gaba umarni ne ga injin, ba wanda zai gani. Abin da babu ita kuwa magana ce a bainar jama'a. Na rubuta /join #ubuntu-fr, tunda faransancina ya fi ingilishina ƙafafu, sai ga ni a ciki. Jerin sunaye a gefe, wasu da alamar @ a gabansu, waɗannan su ne masu zaure, suna iya fitar da mutum in ya yi rashin kunya.

Na yi sallama. Shiru. Na tambayi lafiyarsu. Shiru. Na ce akwai wanda zai taimake ni? Minti goma ba wanda ya ce uffan. Raina ya ɓaci, don a Damagaram ko zauren maƙiyinka ka yi wa sallama sai an amsa. Na rufe kwamfutar na ce wa yaron mutanensa ba su da tarbiyya.

Ya ce, "Kawu, ba haka ake yi ba. Sunayen nan da kake gani, rabinsu suna wurin aiki, wasu barci suke, kwamfutarsu ce kawai ke zaune. Kuma can ba a neman izinin tambaya. Tambayar ake ajiyewa gaba ɗaya, a koma gefe."

Wannan ya yi mini nauyi fiye da duk umarnonin da na haddace. Mu da muka saba sai an tambayi gajiya da iyali da zafi kafin a zo kan magana, a ce ka faɗo da buƙatarka kai tsaye kamar ɗan sanda. Amma in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka. Washegari na koma, na fara karanta rubutun da ke saman zauren, wanda /topic ke nunawa, inda suke sa dokokinsu. Sannan na rubuta layi ɗaya: ga irin kwamfutata, ga Ubuntun da na sa, ga abin da na gwada, ga abin da ta ce mini. Na tashi na ɗora shayi. Ana zuba na biyu wani ya ambaci laƙabina, layin ya canza launi. Ya ce in buga lspci, umarnin da ke lissafa kayan cikin kwamfuta, in nuna masa sakamakon, amma kar in zuba shi cikin zauren, in sa a shafin ajiye rubutu in kawo adireshin kawai. Ashe zuba layi talatin a lokaci ɗaya kamar ka shigo fada da babur ne ana tsakiyar hira. Ya duba ya ce katin wifi ɗina na kamfanin Broadcom ne, ya faɗa mini abin da zan sauke. Kafin la'asar wifi ya kama. Ban san sunansa na gaskiya ba, ban san ƙasarsa ba. Na yi masa godiya irin tamu mai tsawo, ya amsa da kalma biyu.

Daga nan na ga ya kamata in riƙe laƙabina kar wani ya ɗauka, ga shi wasu zaurukan ba sa barin wanda bai yi rajista ba ya shiga. Mai rajistar ba mutum ba ne, manhaja ce da ake kira NickServ. Za ka rubuta /msg NickServ REGISTER sai kalmar sirrinka sai imel ɗinka, su aiko maka da layin tabbatarwa ka kwafa ka liƙa. A nan na yi abin kunyar da har yau yaron ke tsokanata da shi. Ran nan zan shiga da IDENTIFY, umarnin da mutum ke gabatar da kansa da shi ga NickServ, yatsana ya tsallake sandar, kalmar sirrina ta fita tsirara a gaban kowa. Wani ya ce, cikin ladabi, in canza ta yanzu-yanzu. Na canza da SET PASSWORD hannuna na rawa. Tun ranar ba na rubuta wa NickServ komai daga cikin zaure, sai a tagar sabar, wato ta injin garin, inda ko na yi kuskure ba mai gani.

Maganin wannan duka shi ne a sa manhaja ta gaske. Na sa HexChat a kwamfuta, na cika irc.libera.chat, ƙofa 6697 wadda ke rufe zancen a hanya, ba 6667 da ke barinsa a buɗe ba, na zaɓi SASL, hanyar da manhaja ke gabatar da mutum da kanta, na sa suna da kalmar sirri sau ɗaya. Yanzu ita ke gabatar da ni tun daga bakin ƙofa. SASL ɗin yana da wani amfani gare mu masu intanet na waya, don Libera.Chat ba ta karɓar wasu layukan sai da shi. Abu ɗaya kuma da na so a ce an faɗa mini tun farko: duk wanda ya buga /whois da laƙabinka yana iya ganin adireshin intanet ɗin da ka fito. Ana rufe shi da abin da suke kira cloak, wato mayafi, kuma mai rajista yana samunsa kyauta.

Abin da har yanzu ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne IRC ba ya ajiye zance. Kamar fadarmu ta ƙofar gida yake: abin da aka faɗa ba ka nan ya wuce ka. A watan Afrilu, da zafi ya kai inda ya kai, wuta ta ɗauke ina jiran amsa, batirin tsohuwar kuwa ba ya kai minti ashirin. Da na dawo ban san ko an amsa ba, sai da na sake tambaya ina jin nauyi. Masu abin suna da dabara, wata manhaja irin ZNC da ke zama a madadinka dare da rana ta tara maka abin da aka ce, amma tana son injin da ba ya mutuwa, ni kuwa ban kai nan ba tukuna. Abin da nake yi, in na ga alamar wuta za ta yi halinta, sai in ce musu zan iya ɓacewa, zan dawo.

Makon jiya na gano cewa in ka buga /join da sunan zauren da babu shi, to ka gina shi ke nan, kai ne mai @. A Libera.Chat zaurukan hira kawai, waɗanda ba na wata ƙungiya ba, da ## suke farawa. Na buɗe ɗaya da sunan unguwarmu, na zauna ni kaɗai kusan awa guda. Can sai ga wani ya shigo. Na gyara zama na rubuta masa sallama cikakkiya da Hausa, har da ina gajiya, ina iyali. Ya amsa: "Kawu, ni ne. Ina tsakar gida, Inna ta ce tuwo na hucewa."