Aikin hanjin da aka yi mini da robot a Indiya

Tun da na dawo gida tambayar da aka fi yi mini ita ce wai da gaske inji ne ya yanka ni, har wani ya ce to in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki fa. Na gaji da amsa wa mutum ɗai-ɗai shi yasa nace bari in rubuta gaba ɗaya, musamman dan waɗanda ke da mara lafiya a gida ana ta ce musu a tafi waje a yi da robot kamar da an yi shi shikenan magana ta ƙare.

Ni nawa ciwon a ƙarshen babban hanji yake, can ƙasa dab da dubura. Da jini ya fara in na shiga bayi, kuma kun san mu, duk wanda ka gaya wa zai ce basir ne, wannan ya kawo jiƙo wancan ya kawo sassaƙe. Sai rama ta biyo baya, ga shi kullum in na fito sai in ji kamar ban gama ba. Wani likita ne a Kano ya ce shi ba zai rubuta mini ko fanadol ba sai ya duba da yatsa, abin nan da maza ke gudu saboda kunya, kuma a nan take yace yana jin wani abu da bai yi kama da basir ba. Aka zura kyamara ta ƙasa, wato kolonoskofi, aka ɗan tsinko nama aka kai gwaji, sakamako ya fito kansa ce. Daga nan aka yi hoton MRI na ƙugu da hoton CT na ƙirji da ciki dan a ga ko ta kai hanta ko huhu, dan nan ta fi zuwa. Alhamdulillahi ba ta kai ba, amma an ga kaluluwar da ke gefen hanjin ta ɗan tasa, shi yasa aka ce ba za a fara da wuƙa ba. Gashin ƙarin da na'ura aka fara yi mini a Abuja tare da ƙwayar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar kansa, wanda a tsarinsu ake yin kusan sati biyar Litinin zuwa Juma'a, sannan a bar ka ka huta wasu makonni ƙarin ya motse kafin a taɓa shi.

To me ya kai ni ga robot? Wurin ne matsalar. Ƙugun namiji a matse yake, hanjin yana can ciki tsakanin ƙasusuwa, ga mafitsara a gaba, ga jijiyoyin da ke riƙe fitsari da na mu'amalar aure duk sun bi ta gefensa. Kuma ba hanjin kaɗai ake cirewa ba, akwai kitsen da ya naɗe shi wanda kaluluwar ke ciki, dole a fito da shi gaba ɗaya a cikin fatarsa, kamar ka zaro ƙullin manja daga tsakiyar kaya ba tare da ledar ta huje ba. Wani likitan Ingila Bill Heald ne ya fito da wannan salon a 1982, suna ce masa TME, kuma shi ne ya rage yawan dawowar ciwon a wurin sosai. Ko an tsaga cikin, ko an yi da kyamara ta ƴan ƙananan ramuka, wato laparoskofi, ko da robot, aikin dai shi ne wannan, hanyar isa wurin ce ta bambanta.

Kafin ranar aikin likitan da zai yi mini a Delhi ya nuna mana na'urar ni da Yayana da ya rako ni. Sunanta da Vinci, wani kamfanin Kalifoniya Intuitive Surgical ke ƙera ta, hukumar FDA mai kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka ta amince da ita tun 2000, kaga ba sabon abu ba ne mu ne dai bai iso mana da wuri ba. Hannuwa huɗu gare ta, ɗaya na riƙe kyamara sauran na riƙe almakashi da ɗan matsi da abin ƙona jijiyar jini. Shi likita yana zaune a gefe cikin ɗakin tiyatar, ya cusa fuskarsa cikin wani abin kallo yana ganin cikinka da zurfinsa an ƙara girman komai har kusan sau goma, yatsunsa cikin wasu ƴan zobba, ƙafafunsa kan feda. In ya motsa yatsa ta motsa, in ya tsaya ta tsaya, in ma ya ɗago kansa daga abin kallon sai hannuwan su kulle. Kan kayan aikin yana lanƙwasa kamar wuyan hannu, kuma tana tace rawar hannu. Wani likitan na tsaye a jikinka yana canja kayan aiki yana zuƙe jini, in wani abu ya rikice ko na'urar ta samu matsala sai su janye ta su buɗe cikin su ƙarasa da hannu, kuma sai da na sa hannu a takarda cewa na yarda da hakan. Yaya ya kalle ta ya kalle ni yace, "Ashe dai mutum ne zai yi, ni na ɗauka ita za a bar wa kai." Daga ranar ya samu barci.

Na tambayi likitan kai tsaye ko robot ɗin ya fi, dan kuɗin da ya ƙaru a kan na laparoskofi ba kaɗan ba ne kuma fili muka sayar. Amsar da ya ba ni ce ta sa na yarda da shi. Yace akwai babban binciken da aka fitar a 2017 mai suna ROLARR, mutum 471 a ƙasashe goma, kuma bai nuna wani bambanci a fili ba tsakanin robot da laparoskofi wajen yawan waɗanda aka koma aka tsaga. Yace shi dai a irin ƙuguna da inda ƙarin yake ya fi sakewa da robot, amma ƙwararre da laparoskofi ya fi sabon shiga da robot nesa ba kusa ba. Yace kuma wadda zai yi aiki da ita ba ta ba shi jin taurin nama a hannu, da ido yake ganewa, wannan kuwa sai wanda ya daɗe yana yi. Shi yasa nake jin haushin dillalan asibitocin nan da ke cika wa mutanenmu kunne a WhatsApp da robot robot, ba wanda zai gaya maka likitan sau nawa ya yi irin aikinka, ko zai iya barin maka dubura, ko akwai taron likitocin cutar kansa da ke zama kan fayil ɗinka. Waɗannan su ne abin tambaya wallahi.

Da na farfaɗo abin da ya fara damuna kafaɗa ce, ciwo kamar an doke ni, ashe iskar da suke hura wa ciki ce dan su samu fili, fuskata kuma ta kumbura saboda an kwantar da ni kai a ƙasa awanni. Raunukan ƴan ƙanana ne kowanne bai kai faɗin yatsa ba, sai guda ɗaya a ƙasan mara da ya ɗan fi girma inda aka zaro abin da aka yanke. Washegari nas ta tashe ni tace sai na taka, ga robar fitsari ga ta ruwa ina jan su a baranda, kuma gaskiya a nan na ga amfanin ƙananan ramukan dan ina iya tari ina iya miƙewa.

Amma robot bai hana a sa mini jaka ba. An gaya mini tun farko, sai dai ji daban gani daban. Da yake an haɗa hanjin can ƙasa kuma an gasa wurin, sai suka fito da ƙaramin hanji ta gefen dama na ciki dan bayan gida ya riƙa zuba a jaka har ɗinkin ya warke. Ranar da nas ta fara buɗewa na ga ɗan jan naman nan yana motsi da kansa na juya kai na yi hawaye, Yaya ne ya tsaya ya koyi yadda ake auna shi a yanka bakin jakar daidai, dan in ramin ya yi faɗi ruwan na cin fata sai ta saluɓe. Abin da ya fi tsaya mini a rai sallah ce, sai da na kira malaminmu yace hukuncina na mai lalura ne irin mai yoyon fitsari, in zubar in tsaftace in yi alwala in yi sallata, abin da ya fito bayan nan ba komai. Wanda za a yi wa wannan ya sayo jakunkunan da yawa kafin ya taho dan a nan samunsu wahala ga tsada, kuma ya riƙe ORS, irin wannan jakar na zubar da ruwan jiki sosai, a zafin Kano in ka yi wasa sai ƙoda ta taɓu.

Sakamakon naman da aka cire shi ne ainihin jarrabawar aikin. Ana duba ko gefe-gefen da aka yanka babu ciwon, ana kuma ƙirga kaluluwar, ana so a samu aƙalla 12 a duba. Nawa gefen ya fita fes amma an samu ciwon a kaluluwa, dan haka na dawo gida na ci gaba da kemo, wannan karon har da na ruwa oxaliplatin, wanda ke sa in ka taɓa abu mai sanyi ka ji kamar shokin, ruwan firij kuwa sai ka ji maƙogwaro ya shaƙe. Bayan nan aka yi hoto aka tabbatar ɗinkin baya yoyo aka mayar da hanjin ciki. Ko shi ma ba a koma kamar da ba nan take, watannin farko ina zarya bayi ba adadi, sai a hankali na gane abincin da ke tayar mini, yaji da wake da madara na ja baya da su, yanzu da sauƙi sosai har ina zuwa kasuwa in wuni.

Kar ka baro asibitin sai ka karɓi rahoton tiyata da na gwajin naman da faifan hotunanka, dan likitan gida da su zai bi ka, ana gwajin jinin CEA, mai nuna alamar dawowar ciwon, lokaci-lokaci da CT da kolonoskofi har shekara biyar. Sun kuma ce ƴan uwana na jini su je a duba su tunda nawa ya zo kafin in kai hamsin. Yaya ya je an samu ɗan tsiro an cire masa a take ko kwana bai yi ba, ƙanwarmu ma ta yi, autanmu ne har yau yake ce mini shi lafiyarsa ƙalau ba wanda zai zura masa kyamara, na haɗa shi da Hajiya tace ta ba shi zuwa bayan sallah.