Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙuri'ata da ta Baba

Makon jiya na tsaya ne a inda na samu aikin kula da tsofaffi gida-gida a kewayen Leeds. Yau zan shiga abin da 'yan'uwa ke yawan tambayata, wato yadda aka yi mace irina, wadda ba ta taɓa riƙe katin wata jam'iyya ba, ta faɗa tsundum cikin siyasar Birtaniya.

Abin ya faro ne daren Alhamis, 7 ga Mayu 2015. Dokar ƙasar ta ba 'yan ƙasashe rainon Ingila da ke zaune bisa ƙa'ida damar kaɗa ƙuri'a, don haka ni da maigidana muka fita da safe muka zaɓi jam'iyyar Leba. Ƙarfe goma na dare, ana rufe rumfuna, hasashen sakamako ya bayyana a talabijin, falon namu ya yi tsit. Washegari komai ya tabbata. David Cameron da jam'iyyarsa ta masu ra'ayin riƙau sun samu rinjaye su kaɗai, Leba ta tashi da kujeru 232 cikin 650. A Sikotilan, inda take da kujeru 41, guda ɗaya tal ta tsira da ita. Nan kusa da mu, a mazaɓar Morley da Outwood, Ed Balls na Leba, wanda ake sa ran shi zai riƙe baitulmali in sun ci, ya faɗi da tazarar ƙuri'a 422. Da rana Ed Miliband ya ajiye shugabancin Leba.

Ni dai ban ɗauki abin a matsayin labarin talabijin ba, domin kullum ina ganin tsuke bakin aljihun gwamnati da idona. Fam 6.50 ake biyana a awa, mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda da shi a lokacin. Kamfanin da nake wa aiki ba ya biyan lokacin da nake ɓatawa a hanya tsakanin gida da gida, kuma ba ni da tabbacin awa nawa zan samu mako mai zuwa. Wata ziyarar minti goma sha biyar ce. A cikin wannan ɗan lokaci ake so ki tayar da tsohuwa, ki wanke ta, ki ba ta magani, ki haɗa mata abin kari, ki rubuta rahoto. Sau da yawa nakan fita na bar mutum yana tsakiyar magana, domin wataƙila ni kaɗai ce fuskar da zai gani ranar. Akwai wata mai lalurar ƙafa da aka zaftare wa kashi 14 cikin ɗari na tallafin hayar gida, wai tana da ɗakin da ba ta buƙata, alhali a ɗakin take ajiye kekenta da na'urar ɗaga ta daga gado.

Cikin waɗanda nake kula da su akwai wani dattijo, tsohon mai haƙar kwal, ya haura tamanin. Baba nake kiransa. Ran farko ya tambaye ni ma'anar kalmar, da na faɗa masa sai ya ce kada na sake kiransa da wani suna. Ƙurar rami ta cinye masa huhu, in zai yi magana sai ya tsaya ya ja numfashi a tsakiyar jimla. A kan kantar falonsa akwai fitilar tagulla ta shiga rami, wadda ba ya yarda kowa ya goge sai shi, gefenta kuma katinsa na jam'iyyar Leba, wadda ya shiga tun yana saurayi. Ya yi yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, shekara guda cur babu albashi, a zamanin Margaret Thatcher. Wurinsa na koyi siyasar ƙasar, a tsaye, ina jiran ruwan shayi ya tafasa.

Shi ya fara bayyana mini yadda za a zaɓi sabon shugaba. Duk mai son takara sai ya samu sa hannun 'yan majalisar Leba 35. Uku sun samu tun da wuri: Andy Burnham, Yvette Cooper da Liz Kendall. Na huɗun, Jeremy Corbyn, da kyar ya haɗa 36, ana dab da rufewa da tsakar ranar 15 ga Yuni, kuma wasu daga cikin waɗanda suka sa masa hannu sun fito sun ce ba don su zaɓe shi ba ne, don a faɗaɗa muhawara ne kawai. Tun 1983 yake wakiltar Islington ta Arewa a Landan, bai taɓa riƙe muƙamin minista ba, ya sha bijire wa umarnin jam'iyyarsa a majalisa. Baba ya ce, "Mutumin kirki ne. Amma ba zai kai ko'ina ba." Kowa ma haka ya ɗauka.

Abin da manyan jam'iyya ba su lissafa da kyau ba shi ne sun sauya ƙa'idar zaɓen tun 2014. A da, ƙuri'un 'yan majalisa kaɗai ke da kashi ɗaya bisa uku na nauyin zaɓen. Yanzu ƙuri'ar ɗan majalisa da ta mai shara daidai suke. A zaɓen 2015, mambobin ƙungiyoyin ƙwadago masu alaƙa da jam'iyyar na iya yin rajista kyauta, wanda ba mamba ba kuma ya biya fam 3 ya zama mai goyon baya, shi ma ya yi zaɓe.

Ranar 20 ga Yuli ce ta juya ni. Gwamnati ta kawo ƙudurin rage tallafin jama'a, ciki har da cewa nan gaba ba za a ba iyali tallafin ɗa na uku ba, sai biyun farko. Harriet Harman, wadda ke riƙon shugabancin Leba, ta umarci 'yan majalisarta su ƙaurace wa ƙuri'ar, don a nuna wa jama'a jam'iyyar ta ji saƙon zaɓe. 'Yan majalisa 48 suka ƙi bin umarnin suka ce a'a. Cikin 'yan takara huɗun nan Corbyn ne kaɗai a cikinsu. 'Ya'yana uku ne. Dokar ba za ta shafe su ba, amma daren nan na daɗe tsaye a kan autana yana barci, ina tunanin wata uwa da za a gaya wa ɗanta na uku bai shiga lissafi ba. Jam'iyyar da ƙungiyoyin ma'aikata suka kafa don talaka ta naɗe hannu a kan wannan? Washegari na yi rajista ta hanyar ƙungiyarmu ta ƙwadago, Unison, wadda ita ma daga baya ta mara wa Corbyn baya, kamar yadda Unite ta yi.

Da na gaya wa Baba, sai ya ce na zauna. Na ce lokacina ya kusa cika. Ya ce, "Zauna, 'yata."

Ya ba ni labarin 1983. Leba ta shiga zaɓe ƙarƙashin Michael Foot da manufofin da shi Baba yake ƙauna har zuciya, ya bi gida-gida yana raba takardu, aka tashi da kujeru 209. Shekara mai zuwa aka shiga yajin aiki, babu gwamnatin da za ta tsaya musu, aka bi ramukan kwal ana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Daga 1979 zuwa 1997, shekara goma sha takwas, Leba na waje tana kallo.

"Wannan fam 6.50 da kike kuka da shi," in ji shi, "kin san kafin gwamnatin Leba ta Tony Blair babu doka irin wannan a ƙasar nan? A 1999 ta fara aiki. Kafin nan abin da mai kamfani ya ga dama shi zai ba ki. Ba mai gaskiya ne ya kawo ta ba. Wanda ya ci zaɓe ne ya kawo ta."

Na ce, "Baba, shi ne kuma ya kai yaƙi Iraƙi a 2003. Jama'a suka cika titunan Landan suna roƙonsa, bai ji ba. Corbyn na cikin waɗanda suka tsaya gaban taron suka ce kada a je."

Ya daɗe bai ce komai ba, sai ƙarar numfashinsa. Can ya ce shi ma yana cikin masu adawa da yaƙin, kuma har gobe bai yafe ba. Amma bai janye maganarsa ba, ni ma ban janye tawa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, na san da haka. Sai dai ban taɓa raina tsoron Baba ba, domin shi da jikinsa ya biya kuɗin faɗuwa zaɓe, ba a littafi ya karanta ba.

A gida ma ban samu sauƙi ba. Maigidana direban tasi ne, yana jin bakin mutane iri-iri tun safe har dare. Na nuna masa hoton Corbyn a Landan, tsaye a kan motar kashe gobara yana wa waɗanda zaure bai ɗauke su ba jawabi. Ya duba ya miƙo mini wayar.

"Maman yara, kada ya zama taron tsintsiya ba shara. Waɗannan duk dama Leba za su zaɓa. Ina wanda na ɗauko jiya daga Morley, mai gyaran famfo, wanda ya bar Leba ya koma UKIP? Shi za ki nuna mini a hoton."

Ya ɗauki biro ya yi mini lissafi a bayan takardar kuɗin wuta. A Birtaniya kowace mazaɓa kujera ɗaya ce, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka ko da da ɗaya ne. UKIP, jam'iyyar masu son Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, ta samu ƙuri'a kusan miliyan huɗu a zaɓen nan, kujera ɗaya ta samu. Jam'iyyar SNP ta masu neman 'yancin Sikotilan ba ta kai rabin haka ba, ta kwashi 56, saboda nata ƙuri'un a wuri guda suke. Don haka in ka ƙara ƙuri'a dubu goma a tsakiyar birnin da dama naka ne, ba ka ƙara komai ba. Mulki na hannun ƙananan garuruwa irin Morley. Shi Burnham ya so, ya ce ya fi iya magana da mutanen arewacin Ingila.

Na ce, "Malam, to waɗanda ba sa fita zaɓe fa? Abokan aikina rabinsu cewa suke duk kanwar ja ce. In aka ba su abin da za su fita dominsa, ai za su fita." Ya ce Allah ya sa. A nan muka bar maganar.

Manyan jam'iyya kuwa hankalinsu ya tashi. Tony Blair ya fito ya ce wanda zuciyarsa ke tare da Corbyn ya je a yi masa dashen wata. A ganina wannan magana ƙuri'a ta ƙara wa Corbyn. Mutanen da aka daɗe ba a tambayi ra'ayinsu ba, ranar da suka buɗe baki sai aka ce musu ba su da lafiya. Ban ji ɗaya daga cikin sauran ukun ya faɗi abin da zai yi wa mace mai ziyarar minti goma sha biyar da kalmomin da za ta riƙe ba. Corbyn kuwa a fili yake cewa a daina tsuke bakin aljihu a kan talaka, a mayar da jiragen ƙasa hannun gwamnati, a soke kuɗin jami'a da ya kai fam 9,000 a shekara.

A tsakiyar Agusta takardun zaɓe suka fara isowa. Ni ta intanet na yi nawa, na sa wa Corbyn lamba ɗaya. Na Baba ta gidan waya ta zo. Na same shi da safe ya shimfiɗa ta a kan tire, biro a hannu, hannun na rawa har ya kasa saita shi a cikin akwatin. Ya miƙo mini.

"Rubuta mini. Cooper, ɗaya. Burnham, biyu."

Na karɓa. Idonsa ba ya gani sosai, ya kuma san wanda nake so. Na rubuta ɗaya a gaban sunan Yvette Cooper, biyu a gaban na Andy Burnham, na kai takardar dab da fuskarsa na karanta masa da ƙarfi. Ya ce ba sai na karanta ba. Na liƙe ambulan, na jefa ta a jan akwatin wasiƙa na bakin layinsu a hanyata ta zuwa gida na gaba. Ƙuri'arsa ta soke tawa, kuma da hannuna na kai ta.

Asabar, 12 ga Satumba, na roƙi abokiyar aikina muka yi musayar ziyara don na kasance wurinsa lokacin sanarwa. Daga wani babban zauren taro a Westminster ake nunowa. Aka fara da mataimaki, Tom Watson ya ci. Sannan aka karanto na shugaba: Corbyn ƙuri'a 251,417, kashi 59.5 cikin ɗari, tun a zagayen farko. Burnham 19, Cooper 17, Kendall 4.5. Ko a cikin cikakkun mambobi, ba 'yan fam 3 ba, shi ne kan gaba da nisa. Ban san sanda na miƙe tsaye ba, hawaye na zuba. Mutumin da aka sa a takara don cika lissafi ya zama jagoran 'yan adawa, kuma da ya bar wurin, taron goyon bayan 'yan gudun hijira ya nufa a dandalin majalisa.

Na juya na ga Baba ma idonsa ya kawo ruwa. Ya ce rabonsa da ya ji shugaban Leba na magana haka tun yana da ƙarfinsa. Sannan ya nuna mini aljihun tebur, ya ce na buɗe. A ciki akwai tsohuwar alamar jam'iyya, jan ƙyalle mai tattara irin wanda ake maƙalawa a ƙirji ranar zaɓe, ya koɗe saboda daɗewa.

"Kun ci na cikin gida," in ji shi. "Na waje yana nan. Ni ƙafata ta ƙare. Ki je Morley ki ƙwanƙwasa ƙofofi, ki dawo ki gaya mini abin da suka ce miki, kada ki rage komai."

A makon na cike takardar zama cikakkiyar mamba. Asabar ta uku bayan nan na maƙala jan ƙyallen Baba a kan rigar sanyina, na hau bas zuwa Morley. Ƙofar farko da na ƙwanƙwasa, da abin da matar gidan ta faɗa mini, da shi za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu.