Ni da Baba a bakin titi

Jiya da yamma a Kano na ga wani dattijo da sandarsa tsaye kan fararen layukan nan da ake shatawa a kwalta domin masu tsallakawa. Sai ya sa ƙafa, sai ɗan adaidaita sahu ya danna masa oda, ya koma baya. Har sau uku.

Na fito daga shago na ce, "Baba, kawo hannunka mu haye." Ya ce, "Ɗana, ai layin nan ado ne, Allah ya yi maka albarka." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, don ni ma ina tuƙi, kuma ban tuna ranar da na taka birki saboda layin ba.

Alhali dokar hanya ta Najeriya a fili take: da zarar mai tafiya a ƙasa ya hau layin, hanya tasa ce, direba ya dakata. A cikin gari ma gudun ƙaramar mota bai kamata ya wuce kilomita 50 a awa ba. Tun 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, amma da yawanmu a gareji muka koyi mota, ba wanda ya taɓa karanta mana wannan.

Mu masu ƙafa ma da namu laifin, ga gada a sama, sai mu ratsa ta ƙasa da waya a kunne.

Da muka haye, ashe Baba masallacin tsallake zai je, har an tayar da sallar magariba.