Tsaron shinkafa da maƙwabtaka da kabare

Duk manomin shinkafa a yankin Kura da Kadawa ya san ɓarnar tsuntsayen nan jan baki, amma ni tsuntsun kabare ne ya fi cin lokacina, domin shi ba baƙo ba ne mai zuwa ya wuce. A wata bishiyar mangwaro da ke bakin magudanar ruwa ya kafa gari, taku kaɗan daga gonata, kuma da damina ta kankama sai sheƙa ta yi ta ƙaruwa har ƙananan rassa suka sunkuya.

Tunda tsaron gona zama ne, sai na riƙa kallonsu. Namiji ne ke saƙa, mai baƙin kai da jan ido, jiki rawaya. Zai sauka kan ciyawa mai faɗin ganye, ya ɗan tsaga gefenta da baki, ya riƙe ya tashi, zaren ya biyo shi. Zobe yake fara ƙullawa a can ƙarshen reshe, inda maciji zai sha wuya kafin ya isa. Sai ya tsaya cikin zoben, ya danne zare da ƙafa, ya cusa ta nan ya jawo ta can. Kafin gobe war haka ɗaki ya tashi, ƙofarsa na kallon ƙasa. Daga nan ya rataye a ƙarƙashi, kai a ƙasa, yana kaɗa fukafukai yana ta surutu. Mace ta zo ta leƙa, ta ja nan ta ja can. In ta yarda, ita ke yin shimfiɗa da laushin ciyawa, ta saka ƙwai 2 ko 3, ta kwanta a kai kusan mako biyu. In ba wadda ta shiga har saƙar ta bushe, shi da kansa zai warware ta ya ɗaura sabuwa. Kuma ba ya tsayawa kan mace ɗaya.

Ganin haka ya sa ban bi shawarar maƙwabcina ba da ya ce, "Malam, a samu gora a kakkaɓe su mu huta." Wanda ke rushe gininsa da bakinsa, me gora za ta yi masa? Maƙwabcin nawa ya gwada a tasa bishiyar, ba a jima ba suka mayar.

'Yan uwansa na kurmin kudu daban suke: masu ja da baƙi ne, ƙwari suka fi ci, kuma ba sa cincirindo haka. Akwai ma wani da ba a samunsa ko'ina a duniya sai dazukan kudu maso yammacin Najeriya, irin na kewayen Ibadan. Namu ma ƙwari yake ɗura wa 'ya'yansa, na sha ganin mace da tsutsa a baki, don haka ba duk zuwansa gona ne sata ba.

Abin da ya yi mini aiki shi ne sanin lokaci. Sun fi afkawa da sassafe da kuma bayan la'asar, musamman sa'ad da ƙwayar shinkafa ke da ruwa bata yi tauri ba. Sai na ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, na rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ga majajjawa a hannu. Mutum-mutumi kuwa, in ba kana sauya masa wuri ba, a kansa za su riƙa hutawa.