Crathie, ƙauyen da ke maƙwabtaka da fada

Da hantsi muka bar birnin Aberdeen na Scotland, ni da wani abokina da ke karatu a can, muka bi gefen Kogin Dee har muka wuce Ballater. Tun a mota nake hasashen zan tarar da gari mai ƙofar fada da dogarai. Ina! Crathie 'yan gidajen dutse ne, da wurin ajiye motoci, sai coci ɗaya a kan tudu. A cocin nan iyalan gidan sarautar Birtaniya ke ibada idan sun zo hutu, kuma Sarauniya Victoria ce ta aza harsashinsa a 1893.

Ana tsallaka wata gadar ƙarfe sai ga ƙofar Balmoral, fadar da suke hutu a cikinta. Yarima Albert, mijin Victoria, shi ya sayi wurin a 1852, don haka gidan gado ne, ba na gwamnati ba. A nan Sarauniya Elizabeth ta rasu ranar 8 ga Satumba, 2022. Lambun tsaf-tsaf, amma gaskiya bai ɗauke ni ba.

Abin da ya tsaya mini a rai yana can saman tudu. Abokina ya ce, "Malam, daure mu hau, ba nisa." Ashe da nisa. Muka yi ta haki cikin dogayen itatuwa, wasu ƙananan ƙwari masu cizo sun sa mu gaba, kamar sun san baƙi ne. Kwatsam sai ga dala ta duwatsu, tamkar dalar gyadar Kano da muke gani a tsofaffin hotuna. Victoria ce ta sa aka gina ta a 1862, shekara guda bayan mutuwar Albert. Na matsa na karanta rubutun da ke jiki: ta kira kanta gwauruwarsa mai karyayyar zuciya. Mace mai mulkin ƙasashe bila adadin, ga abin da ta bari a kan dutse. Na daɗe a tsaye, iska na kaɗa ni.

Da yamma muka ƙarasa Braemar, inda sanyi ya taɓa kaiwa digiri 27.2 ƙasa da sifili a 1982. Mu a watan Yuni muka je, amma ban cire rigar sanyi ba. Muka sha shayi mai zafi, muna jiran magariba, rana kuwa ta ƙi faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare.