Daga Tsohuwar Kwalejin Katsina Zuwa Filin Magina

Hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa Bichi da Tsanyawa da Kankiya, kuma da rani babu abin da ke riƙe ido a kanta sai gonakin da aka girbe da tarin kara. Da hantsi muka shiga gari ta Ƙofar Ƙaura, ni da wasu matasa masu koyon zane, muka zarce gidan adana kayan tarihi da ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina.

Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe wannan makaranta a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma a cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu tun kafin a mayar da ita Kaduna a 1938. An zagaya da mu ɗakunan, amma a ganina ginin kansa ya fi duk abin da aka ajiye a cikinsa jan hankali, domin ginin ƙasa ne mai kaurin bango, wanda mutum zai baro zafin rana a waje ya tarar da sanyi a ciki ba tare da fanka ba.

Jagoranmu ya riga ya shirya da wani dattijon magini cewa bayan azahar za mu je filinsa mu koyi aikin da hannunmu. Mun same shi ya jiƙa jar ƙasa tun kwanaki, an zuba mata yankakkiyar ciyawa. Bai yi mana dogon bayani ba. Cewa ya yi, "Samari, a tuɓe takalma," sai muka shiga muna tattakawa har ta yi danƙo. Daga nan ya ɗebi curi, ya juya shi a tafin hannu, ya fitar da tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, kamar ƙwai da aka datse ƙasansa. Aikin da ya yi cikin ƙiftawar ido shi ne ya cinye mana yammacin, domin idan ruwa ya yi yawa tubalin zai zauna ya baje, idan kuma ya yi kaɗan zai tsage kafin ya bushe, kuma hannu kaɗai ke gane tsakanin biyun.

Wata daga cikinmu ta tambaye shi, "Baba, me ke hana ruwan sama cinye bangon?" A nan ne bakinsa ya buɗe. Ya ce ana jera tubali tsininsa na kallon sama, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a yi yaɓe, a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Rufi kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika yi mata illa ba, a bi samanta da laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, a kafa indararo ya kore ruwa nesa da bango. Na lura cewa soro ɗaya yana buƙatar marini da majemi da mai saran giginya, saboda haka duk sana'ar da ta ja baya a cikinsu magini ne zai fara ji a jikinsa.

Kafin magariba ya ba kowa ɗan yanki na ɗanyen yaɓe ya zana dagi da yatsa, abin da masu zanen takarda a cikinmu suka tarar ya fi ƙarfin gaggawarsu. Tubalanmu kuwa a can muka bar su, tunda sai sun yi kwanaki a rana. Dattijon ya ware masu kyau, ya ce zai sa su a gyaran katangar wani zaure kafin damina, sauran kuma a mayar da su cikin kwaɓi.